Bayan Kamfani Ya Sallama Na'ura

Kusan duk na'urar da ta shigo ƙasar Burumburum da Tudun Wada sai da ta yi rayuwarta ta fari a wani wuri. Haka rikoda ta zo mana, haka bidiyo, haka wayar hannu da kwamfuta. Wani ya more ta a Landan ko Dubai, aka loda ta a kwantena zuwa Legas, ta biyo tirela zuwa Sabon Gari ko Farm Centre a Kano, sannan wani ɗan garinmu ya sayo ta ranar da ya kai masara ko shinkafa birni. Kafin ta iso hannunmu, kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da sallama ta. Ba takardar garanti, ba ofishin da za a kai kuka. In ta yi gardama, sai abin da hannun ɗan gari ya iya.

Wannan hali ya koya wa samarinmu wani ilimi da ba a koyar da shi a aji. Sun gano cewa na'ura ba ƙarfe da roba ba ce kawai. A jikin allonta akwai wani ɗan ƙaramin ma'aji da kamfani ya dasa wa manhajar ciki. Ita ce ke fara farkawa idan an kunna na'ura, ita ke raba wa kowane sashe aikinsa, kuma ita ke yanke abin da aka yarda mai na'ura ya yi da abin da aka hana shi. Masu gyara suna ce mata sofwaya, goge ta a zuba wata kuma shi ne filashin. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai gyaran waya a Kwanar Dangora ko kasuwar Tudun Wada ya ji ana faɗinsu har ya gaji.

A watan Agusta na 2001 Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, amma sai da aka ɗauki shekaru kafin sabis ya sauko ƙauyukanmu. Mun ga zamanin da mutum zai hau tudu, ko ya je gindin wata bishiya da kowa ya sani, don ya samu ya kira ɗan'uwansa. Wayoyin da suka fara wadata 'yan hannu ne daga Ingila, da yawansu a kulle da layin kamfanin can. Ka sa layinka ta ƙi karɓa, sai an kai ta birni an buɗe. Daga baya wayoyin Chaina masu layi biyu suka cika kasuwa, su kuma da nasu ciwon: waya ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, ko ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. A lokacin ne yaran da suka je koyon gyara a Kano suka dawo da tsohuwar laftof, da ɗan akwatin filashin irin su Miracle Box, da tarin igiyoyi a leda, suka kafa rumfa kusa da masu caji. Aikin da a da sai an biya kuɗin mota zuwa birni an wuni, ya koma ana gama shi a gida tsakanin azahar da la'asar. Haka aka yi da risibar dish. In tashoshi suka ɓace, a zuba sabuwar sofwaya a filas, a soka mata, ta dawo hayyacinta.

Ba duk abin da aka yi da ilimin nan ne alheri ba. Akwai masu sauya lambar shaidar wayar da aka sato, akwai masu buɗe tashoshin kuɗi ba da biya ba. Wannan sata ce, ko da kwamfuta aka yi ta, kuma ita ta ɓata wa masu gyara na kirki suna. Amma mafi yawan aikin da na gani da idona na rufin asiri ne. Talaka ya tara kuɗi ya sayi waya, ta mutu, yaro ya raya masa ita da kuɗi kaɗan.

Abin da ke ci mini rai idan na waiwaya shi ne mun ƙware wajen raya na'ura, amma ba mu ƙware wajen tsare abin da ke cikinta ba. Filashin yana share komai. Mai gyara zai tambaya, "Hajiya, akwai abin da kike so a ciki?" Ta ce akwai hotunan marigayi maigidanta da muryarsa. Ya yi shiru, don wayar ta riga ta ƙi tashi, ba hanyar ciro su. Ta zaɓa, ko waya mai aiki babu komai a ciki, ko gawar waya da za ta ajiye a ƙasan akwati.

Wannan asara ba da waya ta fara ba. A shekarun 1980 da 1990, duk gidan da ke da rikoda yana da kwalin kaset: tafsirin azumi, karatun malamin gari, waƙen biki, da saƙon murya da ɗan'uwa ya aiko daga Makka ko daga Kurmi. Kaset yana da haƙuri. In zarensa ya tsinke, a kwance 'yan sukurorin nan, a haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, a sa biro a naɗe, abin da za a rasa bai wuce kalma biyu ba. Da faifan CD ya zo aka ture kwalin gefe, shi kuma zafi da ƙura da karce suka cinye shi cikin 'yan shekaru. Sai memori, wadda ba ta kai farcen yatsa ba, ta faɗi a turɓaya ba a sake ganinta. Duk sauyin da aka yi sai an bar wani abu a baya, domin ba wanda ya ɗauki juye tsoho zuwa sabo a matsayin aikinsa. Karatun manyan malamai irin su Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya samu almajiran da suka juye shi, yau ga shi a intanet. To malamin da ya yi shekara da shekaru yana tafsiri a masallacin Yaryasa ko Karefa ko Dadin Kowa fa? Muryarsa tana cikin kwalin da gara ta shiga.

Masu tura fina-finai su ne suka wayi gari da ajiya mafi girma a kowane gari, ba tare da sun yi niyya ba. A kan teburinsu akwai faifan ajiya, had-dis, cike da fina-finan Hausa da fassarar Indiya, amma kuma da wa'azi, da karatun Alƙur'ani, da bidiyon bikin sauka da na naɗin sarauta da wani ya kawo a juye masa. Masu shirya fim sun daɗe suna kukan cewa turi ya karya musu kasuwa, kuma kukansu yana kan hanya. Sai dai ni abin da nake kallo daban ne. Duk wannan tarin yana kan faifai guda, a gefen tebur, jone da laftof da ke cin wutar ƙaramin janareta. Yaro ya ja igiya da ƙafa, faifan ya faɗi, aka jona shi ya fara ƙyas-ƙyas, shi ke nan.

A rumfar wani ɗan ƙanena mai gyaran waya na fara ganin abin da aka ƙera musamman don wannan matsala. Ya tsinto shi ne cikin tarkacen kayan kwamfuta 'yan hannu a Sabon Gari, mai sayarwa ma ya ɗauka modem ne. Ɗan akwati ne da bai kai kaset ɗin bidiyo girma ba, an rubuta Linksys NSLU2 a jikinsa. A bayansa akwai kafar igiyar sadarwa ɗaya da kafofin USB biyu. Aikinsa shi ne a jona masa faifan ajiya, a jona shi da rawuta, sai duk kwamfutar da ke kan layin ta ga abin da ke faifan ba tare da an ciccire shi ana yawo da shi ba. Faifai ya zauna wuri ɗaya a kan kanta, hannu ya daina taɓa shi.

Linksys ta fito da akwatin a 2004, ta daina ƙera shi a 2008. Ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai: megabait 32 na ƙwaƙwalwar aiki, megabait 8 na ma'ajin manhaja, wutar bolt 5. Kamfanin ya tsara shi don ajiya da rabawa kawai. Amma bai daɗe a kasuwa ba masu sha'awar kwamfuta a ƙasashe daban-daban suka fara rubuta masa wasu manhajojin ciki. Aka samu Unslung, wadda ta bar fuskar kamfanin yadda take amma ta buɗe ƙofar ƙara wasu manhajoji. Aka samu SlugOS, wadda ta share ta kamfanin gaba ɗaya. A 2007 tsarin Debian ya karɓe shi cikin na'urorin da yake tallafawa. Mutane suka mai da shi mai kula da firinta, mai baje shafin intanet, mai watsa sauti a cikin gida, har da mai haɗa kiran waya. Sun ma gano cewa a na farkon fitowa sashen da ke sarrafa lissafi yana iya gudun megahaz 266 amma an ɗaure shi a 133, kuma cire wani ɗan ƙanƙanin resista guda mai lamba R83 yana sakinsa.

Dalilin da ya sa hakan ya yiwu ya cancanci mai karatu ya san shi. Linksys ba ta rubuta manhajar daga tushe ba, ta gina ta ne a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Linux tana ƙarƙashin lasisin GPL da Richard Stallman ya tsara a 1989. Sharaɗinsa shi ne ka ɗauka, ka gyara, ka sayar in kana so, amma duk wanda ka miƙa wa yana da haƙƙin ganin asalin rubutun manhajar da gyaran da ka yi mata. A 2003 masu kishin wannan lasisi suka matsa wa Linksys, wadda Cisco ta saya a shekarar, har ta saki rubutun manhajar rawutarta WRT54G. Daga nan aka samu OpenWrt a 2004, wadda har yau take raya tsofaffin rawutoci. Wato wani sharaɗi da aka rubuta a Amurka shi ya ba yaro a ƙasar Tudun Wada damar buɗe akwatin da ya saya da kuɗinsa, ba tare da ya saci komai ba. Wannan ya bambanta da yawancin sofwayar filashin da ke yawo a rumfunanmu, wadda ba a san wanda ya ciro ta ba, ba a san abin da aka cusa mata ba.

Ina zaune a bencin ranar da ya sauya masa manhaja. Ya cire faifan ajiyar tukuna ya ajiye gefe. Ya ƙi amfani da wutar NEPA, ya jona komai a batirin sola. Ya warware ƙarfen maƙale takarda, ya soka a ɗan ramin da ke bayan akwatin, ya danne, sannan ya kunna. Idonsa na kan fitila guda, yana ƙirga a hankali. Wajen daƙiƙa goma fitilar ta juya daga ruwan lemo zuwa ja, nan take ya saki. Sai ta fara ƙyaftawa, ja da kore, ja da kore.

Na ce, "Ɗana, in abin ya tsaya a tsakiya fa?"

Ya ce, "Baffa, akwai wani ɗan sashe da ba na taɓawa, shi ke tayar da akwatin. Muddin yana nan, ko aikin ya lalace zan sake daga farko. In shi aka goge, to sai dai a yi haƙuri."

Ya buga umarni a laftof, lambobi suka yi ta gudu na 'yan mintuna, akwatin ya mutu ya tashi da kansa. Unslung ya zuba masa. Daga baya ya jona faifai biyu, ya tsara yadda kowane dare za a kwafe sabon abin da aka ƙara daga na farko zuwa na biyu. Ya ware wuri guda ya sa masa suna Amana, inda yake zuba hotuna da lambobin masu kawo gyara kafin ya taɓa wayarsu, in suka karɓi kayansu ya goge. A wani wurin kuma ya fara tara karatun malaman yankin da yake juyewa daga kaset.

Ba zan ƙawata akwatin fiye da kima ba. A hankali yake aiki, babban fim sai an jira shi. Zafin bazara yana wahalar da faifan, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Kuma sauya manhajar ciki yana da haɗarinsa, wanda bai karanta ya fahimta ba zai iya kashe na'ura mai lafiya. Amma na'ura ce da kamfaninta ya yafe, ta dawo tana aikin da ba a ƙera ta dominsa ba, da wutar da ba ta wuce ta ƙwan fitila ba.

Abin da ya sauya tun daga lokacin ya zo ta fuska biyu. Ta farko, an fara kulle ƙofofin. Apple ta kawo makullin da ke ɗaure waya da asusun mai ita a 2013, Google ta kawo irinsa a Android a 2015, Huawei kuma ta daina ba da lambar buɗe wayoyinta a 2018. Duk wanda ya san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano ba zai ce makullin nan ba shi da amfani ba, ni ma ina goyon bayansa. Amma tare da shi aka shigo da wani abu dabam, wato na'urar da ko kai ka saye ta da guminka ba ka da ikon sauya mata manhaja, in kamfani ya daina kula da ita sai ka yar. A ƙasar da mutane ke sayen sabo duk bayan 'yan shekaru wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu, inda na'ura ke isowa bayan an sallame ta, babban abu ne.

Ta biyu, an koya mana mu daina ajiya a gida. Yanzu hoto yana WhatsApp, karatu yana YouTube ko Facebook, takardu suna asusun Google. Akwai sauƙi a ciki, kuma mutane da yawa sun dawo da lambobinsu ta wannan hanya bayan waya ta ɓace. Amma ajiya ce a hannun wani, kuma sai da data da sabis ake kai gare ta. Daga 1 ga Yuni 2021 Google ta daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, ta mai da su cikin gigabait 15 da take ba kowa. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina saboda matsalar tsaro, mutane suka yi makonni ba kira ba intanet. A watan Maris na 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Mutumin Riruwai ko Zainabi, wanda sabis ɗinsa dama rabi da rabi ne, bai kamata a ce duk abin da ya mallaka na tarihi yana can inda sai ya sayi data zai gan shi ba.

Su ma akwatunan ajiyar ba su tsira daga sallamar kamfani ba. A watan Yuni na 2021 masu akwatin My Book Live na Western Digital a ƙasashe da dama suka wayi gari an share musu komai ta intanet. Rabon akwatin da sabunta manhaja tun 2015. A 2024 aka gano wata kafar kutse a wasu tsofaffin akwatunan D-Link, kamfanin ya ce wa'adinsu ya ƙare, ba zai gyara ba, a sayi sabo. Irin waɗannan akwatuna ne za su biyo kwantena su iso Sabon Gari da araha. Wanda ya saya, abu biyu ne a gabansa: ya sauya masa manhaja da wadda ake ci gaba da kula da ita, in akwai, ko kuwa ya tsare shi a layin cikin gida, kada ya bari ya leƙa intanet ko kaɗan. Kuma ko wanne ya zaɓa, faifai ɗaya ba ajiya ba ne. Manomin Doguwa ba ya zuba irin shuka a rumbun da ake ɗiban na tuwo, yana ware shi dabam. Haka kwafi na biyu ya kamata ya zauna, a wani faifan, in da hali ma a wani gidan.

Tunanin ajiye ilimi a akwati don wuraren da intanet ke wahala yana da tushe a kusa da mu. A 1999 wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos, Jos ɗin nan da motocinta ke ratsa dajin Falgore ta gabanmu. Wahalar intanet da ya gani a can ita ta sa bayan ya koma Jami'ar Iowa aka kafa shirin WiderNet, aka fito da eGranary, faifai cike da littattafai da shafukan da aka kwafo da izinin masu su, a ajiye a makaranta kowa ya karanta ba da data ba. Yau abin ya fi haka sauƙi. Manhajar Kiwix tana ɗaukar Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa, a buɗe ta ba intanet. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, ko tsohuwar laftof da gilashinta ya fashe, in aka zuba mata OpenMediaVault ta zama akwatin ajiya da ya fi NSLU2 ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan, amma har yanzu akwai ɗalibanmu da ranar jarrabawa ce ranar da suka fara dafa madannai. Akwati guda a ofishin shugaban makaranta, da rawuta da faranti ɗaya na sola, zai ba su littattafai da tambayoyin gwaji a wayoyin da ke hannunsu.

Masu iya wannan aiki muna da su. Yaron da ya iya raya wayar da ta tsaya a tambari ba zai gagara girka akwatin ajiya ba. Abin da ya rage shi ne a ɗauke shi da daraja, a ba shi aikin, a biya shi haƙƙinsa. Ina kira ga samarinmu masu gyara daga Tiga zuwa Doguwa su ƙara da karatun Linux a kan abin da suka iya, su kuma riƙe amanar abin da suka gani a wayoyin mutane. Ina kira ga shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai su ware ɗan abin da za a sayi faifai biyu da shi. Ku kuma da ke da kwalin kaset a ɗaki, na tafsirin malaminku ko muryar iyayenku, ku fito da shi ku kai a juye tun rikodar da za ta karanta shi tana samuwa a gari.